Ramin Ƙofar Gidana Ya Fi Kwamiti Aiki

Jiya da safe an kore ni daga bakin ruwan da kakana ya yi wanka a cikinsa, kuma wanda ya kore ni ƙanin matata ne. Ku gyara zama, jama'a.

A bayan garinmu akwai wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse, rani da damina. Nan muke wanki, nan muke shayar da dabbobi. Ba mu taɓa sanin abin kallo ba ne, sai bara da Mai Girma Babban Mai Yanka Ƙyalle ya zo ya gano mana shi. To jiya na ɗaura jarkoki a babur, ina isa sai na tarar an kewaye wurin da waya, ga ƙofar ƙarfe, ga Dogo ƙanin maiɗakina cikin kaki, da hular da ta fi kansa girma.

"Yaya, tikiti," in ji shi.

"Tikitin me?"

"Na shiga. Kai ɗan gari ne ko baƙo?"

"Kai Dogo! Ni fa na koya maka iyo a ruwan nan."

"Na sani, Yaya. Amma ko da tikitin ma ba a shiga da jarka. An ce tana ɓata hoto."

Ban ga laifinsa ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na juyo da jarkokina suna ƙara kamar suna yi mini dariya.

Ranar ƙaddamarwar nan ta bara ba za ta mantu ba. Mai Girma ya zo ceton muhalli da jerin motocin da hayaƙinsu ya sa kajinmu tari. Aka sare babbar bishiyar bakin hanya domin a kafa masa rumfa, sannan ya dasa wata 'yar tsiro da hannunsa mai albarka, aka yi tafi. Kafin motar ƙarshe ta sha kwana akuya ta yi kalaci da ita. A jawabinsa ya ce wannan shi ne yawon buɗe ido mai ɗorewa, wanda zai cike giɓin da ke tsakanin mai shi da marar shi, ba kuma za a bar kowa a baya ba.

Maƙwabcina Mai Faci ya taɓa ni ya ce, "Malam, mene ne kuma mai ɗorewa?"

Na ce, "Yi haƙuri, gani zai kori ji."

Gani kuwa ya kori ji. Aka gina otal a saman dutse, aka ja masa sabuwar kwalta daga birni wadda ta kewaye garinmu kamar muna da ƙyanda. Sannan Shugaban Kwamitin Kafa Kwamitoci, Allah ya ƙara masa kujeru, ya bi mu gida-gida. Ya ce Mai Shayi ya ɓoye firjinsa, ni kuma in sauke eriyar talabijin daga kan rufi, domin baƙin da za su hango mu daga saman dutse sun fi son su gan mu yadda Allah ya yi mu.

Mai Faci ya ce, "Yanzu na gane. Ashe talaucin namu ne ake so ya ɗore."

Ita dai maiɗakina ta gaskata jawabin. Ta sayar da awakinta ta sayi kaba da rini, ta tara matan layinmu suka duƙufa saƙar tabarmi da kwanduna. Kaya suka cika ɗakinmu har rufi, na koma kwana a naɗe kamar mage. Da otal ya buɗe ta ɗauki mafi kyau ta hau dutsen da ƙafa. Manaja ya nuna mata shagonsu cike da kwandunan roba daga masana'anta, an manna musu takarda wai aikin hannun matan karkara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta dawo da kayanta ta jibge a ɗaki ta shiga hidimarta. Ni kuwa na san matata, faɗanta ba ya ba ni tsoro, shirunta ne ke hana ni sakat. Matan da ta tara suka fara wuce ƙofarmu ba sallama.

To, mu koma jiya. Ashe ruwan saman shekaranjiya ya naɗe sabuwar kwaltar nan tasu ya yi gaba da ita, Allah ya saka wa ɗan kwangila. Dole babbar motar baƙi ta biyo tsohuwar hanyarmu. A ƙofar gidana kuwa akwai wani rami wanda ya girmi ɗana na fari, duk kakar zaɓe sai an tsaya a bakinsa an rantse za a cike shi. Ina sauke jarkoki ke nan sai na ji rim! Mota ta zauna a ciki daram, taya ta yi bindiga.

Baƙi suka firfito da huluna da tabarau, rana na dukansu, babu inuwar bishiya domin an riga an ceci muhalli. Kafin in rufe baki maiɗakina ta shimfiɗa tabarmi a gindin katanga.

"Maigida, kada ka tsaya kamar turke, fito da kwandunan!"

Mai Shayi ya yaye buhun da ya lulluɓe firji da shi, ruwan sanyi ya fara yawo. Mai Faci ya duba taya, ya dubi maiɗakina, ita ma ta dube shi, sai ya girgiza kai ya ce wa direba, "Gaskiya aikin nan ba na gaggawa ba ne."

Wata dattijuwa cikin baƙin ta shafa tabarmar da take zaune a kai ta ce, "'Yata, wa ya saƙa wannan?"

"Ni da maƙwabtana, Mama."

"To me ya sa babu irinta a otal?"

"Hawan dutsen ne ke ba ta wahala," in ji maiɗakina.

Dattijuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a naɗe mata tabarmar, a ƙaro mata wata irinta. Shi ke nan, kasuwa ta buɗe. Matan layi suka fito da nasu, har wadda ta daina gaishe mu ta zo tana kiran maiɗakina Yaya. Kafin la'asar ɗakinmu ya koma fayau, na miƙe ƙafa a gadona har sai da gwiwoyina suka yi mamaki. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Da motar ta tafi, Mai Shayi ya kawo shawarar mu riƙa yi wa ramin ban-ruwa don kada ya kafe. Na ce haram, mu ba mugaye ba ne, kuma aikin da hukuma ta ɗauki shekaru tana renonsa ba ya bukatar taimakon talaka.

Roƙona ɗaya ne ga Mai Girma, ranka ya daɗe. Idan kakar zaɓe ta zagayo, ka daure ka zo bakin ramin nan ka sake rantsuwa cewa za ka cike shi. Da mun ji haka hankalinmu zai kwanta, mu ƙaro kaba.