Rikodar Da Na Kai Wa Kurame

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, a wani zaure bayan kasuwar Bukkuyum. Akwai ni, da Baba Ɗanjumma, wani dattijo kurma, da ƙanwarsa Inna Tumba wadda ke ji kuma ta iya maganar hannu, sai abokansa kurame da ke taruwa nan duk ranar kasuwa.

Bari in bi abin daki-daki. Lokacin ina malamin firamare a Gummi, ina ƙaro karatu a lokacin hutu, aka ce kowa ya zaɓi batun da zai yi bincike a kai. A ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na ci karo da hoton wasu kurame masu ginar rijiya, na ce na samu nawa. Malamina ya ce in ban kawo shaida daga bakin mai rai kafin hutu ya ƙare ba, zai soke batun, in maimaita shekara. Da na bi sawu, aka ce ɗaya daga cikin na hoton yana raye. Shi ne Baba Ɗanjumma.

A aji an koya mana ƙa'idar ɗaukar tarihi: a sa kaset, a hana hayaniya, kada wani ya katse mai bayani. Ni kuwa ba na tsallake ƙa'ida. Na aro rikodar matata (ta kayan aurenta ce, sai da na yi rantsuwa), na ɗora ta a tabarma, na ɗaga murya na ce, "A yi shiru don Allah!"

Ga kurame fa.

Na nuna wa Baba hoton, yana gani ya fara ba da labari da hannu. Hannuwansa suka sauka rijiya, suka jawo guga, ƙasa ta rufto, aka zaro mutum. Inna Tumba ta buɗe baki za ta fassara, na ɗaga mata hannu. "Inna, ba a katse mai bayani." Ta ce, "To, Malam," ta gyara zama. Har matsar da rikodar na yi kusa da hannun Baba.

Da kaset ya cika, na mayar da shi baya na kunna, ina gyara hula. Kukan akuya. Dakan turmi. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce. Sai muryata: "To... madalla... to."

Inna Tumba ta ce, "Ɗana, wanga akwati naka ido gare shi?" Ta juya ta gaya musu abin da ya shiga kaset. Baba ya yi dariya har ya kwanta a tabarma, ɗaya daga cikin abokansa kuma ya kwaikwayi akuyar. Nan take suka raɗa mini suna irin nasu: babban yatsa yana danna iska, kamar mai kunna rikoda.

Na sha kunya, na kuma roƙi Inna ta yi magana. Baba ya sake labarin tun daga farko, tana faɗa, rikoda na ɗauka. Batuna ya tsira.

Abin da na koya shi ne, kafin ka bi ƙa'ida, dubi mutanen da ke gabanka. Don Allah in ka je Bukkuyum ka ga wani yana danna iska da babban yatsa yana dariya, ce masa ina gaisuwa, amma kada ka tsaya jin bayani.