Kofin Silba a Gaban Mazan Gari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye mu daga ajin yaƙi da jahilci a Kafin Maiyaƙi ba. Ina da jikoki na shiga ajin nan, kuma duk wanda ya yi mini dariya a take nake ba shi amsarsa.

Malama Hajara ta koya mana wani abu da batir, ƙwan tocila, waya da ƙusoshi biyu. Ka tsoma ƙusoshin a ruwan sama, ƙwan ba ya kamawa. Ka zuba gishiri, sai haske, domin narkakken gishirin ne ke ɗaukar wutar daga wannan ƙusa zuwa waccan. Ni aka zaɓa in nuna wa mazan gari (baki gare ni, kowa ya sani). A sahun gaba ga maƙwabcina Malam Sule, wanda ya ce sai ya ga amfanin karatun da idonsa kafin ya bar matarsa Lami ta shiga.

Malama ta miƙo mini kofin roba. Roba? A gaban baƙi? Ni da ban taɓa ba baƙo ruwa a roba ba! Na tura shi ƙarƙashin tebur, na zaro kofina na silba.

Na gyara mayafi na ce, "Jama'a, wannan ruwa ne zalla. In ƙwan nan ya kama, ku ce ban yi karatu ba."

Na saki ƙusoshin har gindin kofin. Sai ga haske fau! Gishirina kuwa yana nan ƙulle a bakin zane.

Malam Sule ya ce, "To Yaya, mu faɗa ne, ko mu rufa miki asiri?"

Wuri ya kaure da dariya. Malama ta yunƙura, na ce mata, "Zauna, ni na ɓata." Na leƙa kofin ina zufa. Ashe ƙusoshin kan silbar suka zauna, wutar ta bi jikin kofin abinta, ko kallon ruwan ba ta yi ba. Haka na faɗa musu. Sannan na durƙusa, da girmana, na lalubo robar da na raina. Ruwa zalla, babu haske. Na barbaɗa gishiri, ƙwai ya kama.

Malam Sule ya taso ya gwada da hannunsa, ya koma ya zauna.

Yanzu Lami na karanta sunan magani da kanta. Ni kuwa har gobe baƙo a silba zai sha ruwa a gidana, amma na daina rantsuwa kafin in leƙa gindin kofi.