Yadda Na Raba Intanet Kamar Naman Suna

Ko tsufa ya kwashe min tunani, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kama hannuna a aljihun Alhaji mai gidanmu ba.

A wani bene muke haya kusa da Kasuwar Singa, masu shaguna duka, rawuta ɗaya, wato na'urar raba intanet, muke amfani da ita. Da rana ta take kowa ya hau, sai abin ya koma tafiyar kura a kwatar Fagge. Ni kuwa tun da na taɓa gyara wa wani rimot ake kirana Injiniya (ban taɓa musantawa ba), don haka ni aka ba aikin tsara layi: wa zai fara wucewa in an cunkushe, wa zai jira.

Na zauna na raba kamar naman suna. Wayar Alhaji a gaba, sai dattawa, sai mu, yara kuma su lashi ƙashi. Har yaba wa tarbiyyata na yi.

Ran nan Nkechi, 'yar Madam mai shagon madara, tana ganawar neman aiki ta bidiyo. Ita ce autar benen, wato ƙarshen layi. Sai ga Madam ta faɗo shagona, ɗankwali a hannu.

"Injiniya, fuskar yarinya ta daskare a bidiyon baki buɗe! Sun ce in ya ƙara yankewa za su kira wani!"

Na duba. Wayar Alhaji ce ke shanye komai. Na zo sauya layin, lambar sirrin rawutar ta gudu daga kaina. Na sa ranar aurena, ta ƙi. Na sa sunan tsohuwar budurwata (Allah Ya sa uwargida ba ta karatun nan), ta ƙi.

Na ruga shagon Alhaji. Yana kwance kan buhunan sukari yana minshari, bidiyon damben gargajiya na ta kaɗawa a wayar da ke aljihunsa, ba mai kallo. Tashin babba rashin kunya ne, don haka na zaɓi abin da ya fi ladabi: na durƙusa da tumbina, na zura hannu.

Na kashe wayar ke nan ya damƙe ni.

"Ɓarawo!"

Kafin in ce ni ne, 'yan dako sun cika ƙofa. Alhaji ya murje ido.

"Injiniya? Da furfurarka?"

"Alhaji, layi nake gyarawa."

"A aljihuna layin yake?"

Daga sama muka ji Madam na ihu: "Intanet ya dawo! Riƙe shi nan, Alhaji, kar ya kunna!"

Haka ya riƙe ni har aka gama ganawar. Nkechi ta samu aikin, ni kuma har yau in na shigo Singa sai dattawa su dafe aljihu suna gaishe ni.

Yanzu mai uzuri nake sawa a gaba. Na gane rawuta ba ta san furfura ba, kuma mai barci ba ya bukatar layi.