Ranar da Faransanci Ya Mai da Ni Alade

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan labari. In na fara sai in ce wa kaina, kai, abin da kake so a binne, kai ne kuma za ka tono shi? Amma ranar nan ba ta cikin ranakun da zan taɓa mantawa, mutanen Madarumfa ma ba su da niyyar mantawa, kuma akwai tambayoyin da har yanzu suke cina. Shi ya sa na ce bari in faɗa da bakina, ko a dace da masani.

Ni mai lambu ne a bakin tabki, ina yin shu, wato kabeji, da salati da tumatir. Lakwal, wato makarantar boko, na yi ta har aji shida, daga nan mahaifina ya ce lambu na jirana. Ni kuma mutum ne mai yawan saƙe-saƙe. In na gaida mutum ya amsa sama-sama, sai in wuni ina binciken laifin da na yi masa. Wataƙila ma shi ya sa gyambon ciki ya samu wurin zama a jikina tun da daɗewa. Yaji ba nawa ba ne, tsami ba nawa ba ne, in na yi jinkirin cin abinci sai in ji kamar an zuba mini garwashi a ƙarƙashin ƙirji.

Akwai wani mutum, Iliya, Kirista ne na Maradi, yana kiwon aladu a bayan gari. Lokacin yankan shu, ganyen wajen nan da ake ɓarewa a zubar, shi yake zuwa a kan babur da buhuna ya kwashe. Mutumin kirki ne, bai taɓa barin mini lambu da datti ba. Sai dai ni ban so kowa ya san inda ganyena yake ƙarewa ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce, "Na masu kiwo ne," in ja bakina. (Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi kiwon mene ne ba.) Wanda na fi tsoro ya ji shi ne Tsalha, taubashina, wanda in ya samu abin tsokana a kaina ba ya sakinsa sai ya ga ƙashi.

Wani mako Iliya bai zo ba. Ganye ya taru ya fara wari, ni kuma zuciyata ta fara aikinta: ko na ɓata masa rai ne? Ko gaisuwar da na yi masa a tsaye ce ta yi masa ciwo? Ranar da na kai kaya kasuwar Maradi sai na ɗora buhunan a kan babur mai ƙafa uku na ce a kai ni gidansa. Niyyata in ajiye a ƙofa, in gaishe shi, in juya.

Na iske shi tsaye rai a ɓace, ga likitan elbaji, wato ma'aikatar kula da dabbobi, durƙushe a kan wata ƙatuwar alade da ta mutu da safe. Likitan ɗan garinmu ne, a gabana ya girma, Kawu yake ce mini. Ya ɗago ya gan ni, na ji kamar in koma cikin buhu.

"A'a, Kawu! Mi ya kawo ka nan?"

"Saƙo ne," na ce.

Iliya ya ce, "Malam, ka yi haƙuri ban leƙo ba. Uwar garken ce ta tafi. Ta bar cin abinci, ta yi fari fat, kashinta baƙi ƙirin."

Da ina da hankali da na yi masa jaje na wuce. Amma sai na ji likita ya ce, "Gyambon ciki ne." Ƙafata ta ƙi tafiya. Gyambon ciki? Alade? Dabbar da ake cewa ba abin da ba ta ci? Ni a zatona wannan ciwo na masu tunani ne irina. Na matso, ina riƙe da bakin rigata kada ta taɓa komai, na leƙa. Ya buɗe tumbin, ga gudajin jini cike, kuma daidai inda abinci yake saukowa daga maƙogwaro ga wani miki, fatar wurin ta zaizaye. Na tsaya ina kallo kamar an nuna mini hoton cikina.

Likita ya yi wa Iliya bayani, ni ina sata da kunne. Ya ce abubuwa da yawa ke haɗuwa: dusa mai laushi ƙwarai wadda inji ya niƙe kamar gari, barin dabba da yunwa sannan a cika mata ciki, zafi da cunkoso. Sannan ya ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbin aladu da yawa, ana zarginta da hannu a ciki, amma shi ba zai rantse tana nan ba sai an auna. Na kasa haƙuri na ce, to yaya abu mai rai zai zauna a wurin da ke narkar da ƙashi? Ya ce ai murɗaɗɗiya ce, sai ta huda yauƙin da ke lulluɓe da bangon tumbi ta shige, ta kuma riƙa fitar da wani abu da ke kashe kaifin ruwan tsamin da ke kewaye da ita. Wallahi abin ya burge ni. Halitta ƙarama haka, ido ba ya ganinta, ta gina ɗaki a cikin tukunyar da ke tafasa.

Sai ya ƙara maganar da ta hana ni sakat. "Ai Kawu, irin wadda ke sa wa mutane gyambo 'yar'uwarta ce. Ta aladen ma takan tsallaka wa mutum, amma ba kasafai ba." Ya ciro wayarsa ya nuna mini hotonta, da sunanta a ƙasa. Kalmar farko doguwa ce, ta yi kama da sunan jirgin sama mai saukar ungulu. Ta biyu kuwa na gane ta nan take: suis. Duk wanda ya zauna a benci a lakwal ya san je suis, wato "ni ne". Na ji daɗi a raina, na ce ashe karatun bai zube duka ba. Kafin in tambaya aka kira shi wani wuri, ya wanke hannu ya hau babur.

Daga ranar na shiga uku. Buhunan nan daga garken suke dawowa lambuna. Da hannuna nake ɗaure su, da hannun nake cin gyaɗa. To wa ya ce wadda ke cikina ba ta aladen ba ce? In kuwa ita ce, in na je likita aka auna aka gani, mai awo ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa a gidan suna, wa zai tsaya ya saurari zancen buhu? Cewa za a yi na ci. Na wanke buhunan da omo har suka koɗe. Maiɗakina ta tsaya tana kallona ta ce, "Malam, rigarka ba ta taɓa samun wannan gata ba." Cikin kuwa sai ƙara zafi yake, kuma duk ƙugin da ya yi sai in kasa kunne in ji ko ya canza murya. (Ka yi dariya in kana so, ni a lokacin ba dariya nake ba.)

Na yanke shawara in tambayi likitan elbaji, tunda shi ya riga ya gan ni a gidan. Sai ga ɗaurin auren wani malamin lakwal a unguwarmu, na san zai zo. Na ce in na yi masa maganar da Hausa, na kusa zai ji. Dabara ta zo mini: in yi da Faransanci. Na yi ta shirya jimlar a lambu ina ban ruwa. Abin da nake so in ce shi ne, "Likita, ko ƙwayar aladen ce a cikina? Na daɗe da ciwon." Tunda kuma na ga suis a jikin sunan da idona, na ɗauka haka likitoci ke faɗa: je suis, sai ka kawo sunan ƙwayar.

Abin da ban lissafa ba shi ne, auren malamin lakwal, su wa za su cika tabarmi? Malaman lakwal.

An shafa fatiha, ana raba goro da dabino, na ja jiki na zauna kusa da likita. Na gyara murya. Na ce, "Docteur, pardon. Moi, je suis..." Sai dogon sunan nan ya gudu. Na neme shi sama da ƙasa, babu. Na ce to bari in kawo sunan mai ita kawai, zai gane. Alade da Faransanci ai kowa ya sani, da shi ake zaginmu a aji in mun ɓata littafi da tawada.

"Je suis cochon."

Likita ya tsaya da goro a baki. "Kawu, mi ka ce?"

Na ɗauka hayaniya ce ta hana shi ji. Na ɗaga murya, na kuma ƙara sauran jimlar don ta cika, ina dafe da cikina: "Je suis cochon, depuis longtemps!"

Ga wanda bai yi lakwal ba, abin da na sanar wa taron shi ne: ni alade ne, kuma na daɗe a haka.

Sai wani ya fashe da dariya, sai na kusa da shi, sai abin ya bi layi kamar wuta a karan gero. Wani malami shayi ya sarƙe shi ana bubbuga masa baya. Daga can kan kujera na ji muryar da na sani tun ina yaro, Mushe Garba, tsohon malaminmu na aji huɗu, yana nuna ni da sanda.

"Kai! Har yanzu? Shekara nawa na yi ina raba maka 'ina da' da 'ni ne'? J'ai ake cewa, j'ai! Kuma ka san in babba ya kira kansa haka, mi Faransawa ke nufi? Mai bin mata! A wurin ɗaurin aure!"

Dariyar ta tashi sabuwa. Tsalha, wanda bai taɓa taka ƙofar lakwal ba, yana ta jan hannun mutane: "Ku fassara mini, don Allah ku fassara mini, mi ya ce?" Da aka fassara masa sai ya kwanta a tabarma. Ya taso yana share hawaye ya ce, "Allah na gode maka. Ni na daɗe ina zargi, yau ga shi ya amsa da bakinsa, har da Turancin Faransa."

Likita, Allah ya saka masa, ya so ya cece ni. Ya miƙe ya ce a saurara, Kawu tambaya yake yi ta ilimi. Ya ce suis ɗin da na gani ba Faransanci ba ne sam, wani tsohon harshe ne da ake raɗa wa ƙwayoyin cuta suna da shi, ma'anarsa "ta alade". Har nan lafiya. Sai ya ci gaba, don ya wanke ni sarai, ya ce ai Kawu bai taɓa ko taɓa alade ba, ganyen shu kawai yake ba Iliya, ranar ma a bakin ƙofa ya tsaya riƙe da riga. Wato abin da na yi shekaru ina rufewa, ya kwance shi tsaf a gaban liman da dangin amarya.

Na sunkuyar da kai ina jiran a hau salati da sallallami. Sai liman ya ce, "To wannan wa bai sani ba? Duk wanda ke da hanci ya san baburin Iliya." Wani mai lambu a bayana ya ce shi ma ai yana ba Iliya ganyen salati. Ashe ni kaɗai nake gadin sirrin.

Tunda abin da nake tsoro ya riga ya faru, har da ƙari, washegari na tafi Maradi aka auna ni. Aka ce ƙwayar tana nan, amma irin ta mutane ce, wadda ake samu ta ruwa da abinci da cin kwano ɗaya, da yawa ma tun suna yara suke ɗauke da ita. Aka ba ni magunguna na sha, garwashin ya lafa ƙwarai. Iliya ya koma ba aladunsa dusa mai tsakuwa-tsakuwa, ya ce sun murmure. Da labarin ya kai masa ya zo har lambu ya ba ni haƙuri, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa.

Sunan dai ya zauna. Ba su ce mini alade, sun san ba zan ɗauka ba. "Depi Lontan" suke cewa, wato wutsiyar jimlar nan tawa, depuis longtemps. Matan da ke sayen tumatir ma haka suke kirana, wasunsu sun ɗauka sunan wani iri ne na shu.

Abin da na koya shi ne, in za ka ɓoye magana, ɓoye ta a harshen da ka iya. Da na ja likita bayan katanga na yi masa Hausa, da yanzu ina nan da sunan da mahaifina ya raɗa mini.

Sai dai har yanzu ban ƙoshi ba. Likita ya ce aladu da yawa suna ɗauke da ƙwayar amma ba duka ke yin gyambo ba. To me ke sa ta kama wannan ta bar wancan, alhali kwano ɗaya suke ci? Ita ke fara huda tumbin, ko dusar ce ke buɗe mata hanya? Tana iya rayuwa a jikin buhu, in tana iyawa har tsawon wane lokaci? Kuma tunda ta alade takan tsallako wa mutum, ta mutum takan tsallaka wa alade? Wannan ta ƙarshe ita ta fi damuna, don nakan ɗanɗana ganyen shu in jefa sauran a buhu, kuma ina tuna uwar garken nan. Duk mai karatu da ya san wani abu a kan wannan, likita ne ko mai kiwo, don Allah ya taimaka ya sanar da ni. Roƙona ɗaya, a yi mini da Hausa.