Ranar Da Na Yi Wa Gonata Faɗa

A zauren WhatsApp na manoman yankin Bici, ni ne sarkin tambaya. Rannan shugaban zauren ya rubuta: "Masu ɗiba kullum, ku ma ku riƙa zubawa." Na san da ni yake, sai na ɗaura aniyar amsa duk tambayar da ta fara shigowa.

Can sai Malam Sale, maƙwabcina a gona, ya turo hoton wata dawa da ta tsumbure. "Jama'a, me ke damun wannan?"

Na gyara murya na aika saƙo. Na ce muguwar ciyawar nan wuta-wuta ce, kuma sakaci ne tsantsa, mai gonar bai san hanyar kai taki ba. Har nasiha na yi masa.

Malam Sale ya ce: "Allah ya saka, Malam. Gonarka ce fa. Daga kan iyaka na ɗauka, kar abin ya tsallako mini."

Har yau ina mamakin yadda ban gane bishiyar ɗorawar kakana a hoton ba.

Yanzu ko akuya ce ta yi tari, sai wani ya rubuta: "A jira mai nasiha, ya tafi kai taki."