Ranar da Na Sa Baba Ya Kwashe Rumbunsa

Ba zan taɓa mantawa da rumbun Baba ba, kuma har gobe ban yafe wa waɗanda suka ƙirƙiro manhajar nan ba.

Ina shekarar ƙarshe a karatun injiniya, aikina shi ne binciken yadda ginin ƙasa yake tsagewa. Manhajar takan yanyanka gini ƙanana-ƙanana a kwamfuta, ta ɗora masa nauyi, ta nuna inda zai fara karyewa. Da na je hutu ƙauyenmu a gefen Tsanyawa, sai na auna rumbun Baba na saka mata (neman suna ne kawai, ba wanda ya aike ni).

Hoton da ya fito ya tayar min da hankali. Rumbun ya kumbura kamar tulu, gindinsa jajawur. Na kai wa Baba a guje, na rantse masa rumbun ba zai kai damina ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ku kuka yi boko."

Washegari aka fito da dammunan gero kaf, aka jibge a ƙofar gida. Duk ɗan ƙauye ya san ba a leƙa rumbun mutum. Baba kuwa tun kaka yake ce wa dangi bana gona ba ta yi ba. Ga shi duk wanda ya zo wucewa sai ya rage sauri yana ƙare wa tarin kallo.

Ina ta hura hanci na tura wa malamata hoton. Ta kira ni tana dariya, ta ce in duba ɗan rubutun da ke can kusurwa. Ashe manhajar da kanta take ninka lanƙwasar sau dubbai don ido ya gani. Ainihin motsin bai kai kaurin gashi ba, jan kuma wurin da nauyi ya fi yawa ne kawai, ba tsagewa ba. Fisabilillahi, wane irin rashin imani ne a ɓoye magana irin wannan a rubutun da sai ka ƙanƙance ido?

Kafin a mayar da geron Gwaggo ta aiko da buhu, Kawu ya zo da amalanke. Baba bai iya hana kowa ba. Da na durƙusa ba shi haƙuri, ko kallona bai yi ba.

"Injiniya, rumbun da ka ce zai faɗi ga shi nan tsaye. Ni ka kayar."

Tun daga ranar, in kwamfuta ta nuna min ja sai na karanta ƙananan rubutu tukuna, kuma na daina gwaji da abincin gidanmu.