Rasuwar Maus Ɗina a Hannun Oga Habibu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, ni Lubna, mai tsara shafi a shagon ɗab'i na Oga Habibu da ke Zuba, nake sanar da rasuwar maus ɗin kwamfutata, abokin aikina tun ranar da na fara koyon wannan sana'a.

Marigayin bai da kyan gani. Wayarsa ɗaure take da salatif, bayansa ya koɗe daidai inda tafin hannuna ke zama. Amma wajen yanke mutum daga cikin hoto ba shi da na biyu. Tare muke kewaye mutum ɗigo bayan ɗigo, mu bi lanƙwasar kafaɗa, mu zagaye gemu, har layi ya koma inda ya faro, bayan hoto ya ɓace. Bai taɓa cinye wa amarya ɗankunne ba. Maganarsa ɗaya ce: ƙit, ƙit.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rawar jiki, a danna sau ɗaya ya amsa sau biyu. Lallaɓa shi nake yi, yana kuwa aiki.

Ga yadda ajalinsa ya zo. Wata baiwar Allah, Indo, ta taso daga Kuchigoro da hoton mijinta, wanda ta rasa a rikicin da ya raba su da garinsu. Shi kaɗai ne hotonsa da ya rage mata, yana tsaye cikin taron biki. So take a cire shi shi kaɗai, a ƙara girmansa, 'ya'yanta su san fuskar ubansu. Mun bi kafaɗa lafiya, mun iso kunne, sai ga Oga, wai fastar wani ɗan takara tana jira.

"Wannan aiki you dey waste time," in ji shi. "Akwai maɓalli ɗaya da yake cire baya da kansa."

Ya fizge marigayin daga hannuna, ya danna maɓallin nasa. Na'ura ta cinye kunnen mutumin da rabin hularsa, ta bar hannun wani baƙo a kafaɗarsa. Indo tana kallo. Mayafinta kawai ta ja ta rufe baki. Oga ya ga abin kunya, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, sai ya buga marigayin da tebur. Jar fitilar cikinsa ta yi ƙifta ɗaya, ta mutu.

Ya bar matarsa, allon rubutun kwamfuta, wadda harafin A ya riga ya goge mata, da ɗan faifan da yake kwana a kai, da ni. Hoton Indo na ƙarasa shi da maus ɗin aro daga Wisdom na shagon kusa, kunne da hula duk sun dawo. Ta karɓa ta rungume.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a aljihun teburina na ƙasa. Za a naɗe shi cikin fastar ɗan takarar, wadda ban gama ba, kuma ba na gaggawa. Ana karɓar gaisuwa a shago. Oga Habibu na iya zuwa, amma ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya kuma tuna cewa hoton ma'aikata na kalandar baɗi ni zan yanke, kuma na riga na san inda layi zai bi.